Ladan Biyayya: Romon Tattabara

Jama'a, yau da safe na jefa guga a majil ɗinmu, rijiyar da muke tara ruwan rufi a tsakar gida, na jawo wani abu mai kama da romon tattabara. Har da gashin. Ruwan shan gidana na shekara guda ke nan.

Biyayya ce ta ja mini. Shekara uku sama ta ƙulle a nan birnin Safakis, famfo sai ya ga dama, in ma ya zo gishiri ne zalla. Sai Mai Girma Uban Ɗigo, babban mai kula da ruwan ƙasar nan, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya shiga rediyo ya ce ɗan ƙasa nagari ba ya barin ɗigo ɗaya ya zube. Na manta in makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka.

Tun kakanni ba a tara ruwan farko. Toshe bututu ake yi, ya wanke rufi ya bi titi, sannan a buɗe. Ranar da hadari ya haɗo, uwargida Mabruka ta ɗauko tsumman toshiya, na fizge. Ta tuna mini shekara uku tattabarun maƙwabcinmu Bilkasim suna sauke nauyinsu a rufinmu. Na ce manya sun yi magana.

"To, manyan su zo su sha," ta ce, ta koma kan kuskus ɗinta.

Ruwan shekara uku ya sauko cikin awa biyu. Ƙasa ta ƙeƙashe, ta ƙi sha. Kwatocin da aka ƙaddamar har sau biyu, ba a taɓa yashe su ba, suka yi amai, famfo ya koma kalar shayi. Na gwamnati ya ɓaci, na gida ni na ɓata da hannuna. Wallahi abin ya ci mini rai, har kunyar haɗa ido da Mabruka nake.

Na cika kwalba na kai wa manya. Wani mai tumbi ya ɗaga ta a haske, ya yaba kishin ƙasata, ya ce za a kafa kwamiti. Na roƙe shi ya ɗan kurɓa, don kwamitin ya samu shaida.

"Ai Baba, azumi nake," in ji shi, ga ruwan roba mai sanyi an sha rabi a gabansa.

Gobe ni da Bilkasim za mu kwashe majil ɗin tas, mu zauna jiran ruwa na biyu. Masu duban hadari sun ce bana da wuya. Amma kada ku tausaya mini, manya sun yi mini alkawarin takardar yabo. In na samu ruwan jiƙa ta, sai mu sha.