Alkyabba Biyu a Gari Ɗaya

Gidanmu a Tungar Gwanki yake, bakin babban kogi, kuma mu uku ne manya a ciki: ni Nomau, da ƙanena Arzika, da matarsa Tumba wadda ta fi mu haƙuri. Arzika ya ba arba'in baya, ƙato ne mai ƙarfin mutum uku, amma duk maganar da ka ba shi yadda ta fito haka zai ɗauke ta, ba ya juya ta ya duba bayanta. Mutanen gari suna ce masa wawa, ni ma ina taya su.

Da mahaifinmu, Sarkin Ruwa, ya rasu, aka naɗa ni a madadinsa, aka yafa mini jar alkyabbarsa. Ni kuwa a birni na tashi wajen sayar da yadi, ko iyo ban iya sosai ba. Dattawa, musamman Baba Maikoma, suka fara gunaguni cewa an ba mai tsoron ruwa sarautar ruwa. Maganar tana cina, don in aka tuɓe ni, sarautar kakanninmu ta bar gidanmu ke nan. To, garin namu yana da wata alkyabbar. Wani harshen ƙasa ne da ya kutsa cikin kogi, siririn wuya daga tudu, faffaɗan gindi cikin ruwa, shi ya sa ake ce masa Alkyabba. A can mata suke bandar kifi, masunta suke shanya taru.

Wata rana na ga ɗinkin wuyan alkyabbata ya saki, sai na ce, "Arzika, wuyan alkyabba ya tsage, kira tela ya duba." Shiru-shiru har azahar. Ashe ya ɗauko tela Na'Allah, ya ɗora keken ɗinkinsa a ka, ya kai shi wuyan Alkyabbar kogi. Ya dawo ya ce, "Yaya, gaskiyarka, ta tsage, hannuna na shiga ciki har gwiwa. Amma tela ya ce ba shi da zaren wannan aiki." Na yi dariya har da hawaye, na ba da labarin a majalisa sau uku. Zuwa in duba tsagar kuwa, ko a raina ban kawo ba.

Wata rana kuma ciyawa ta yi kyau a can, na ce, "Kai awaki kan Alkyabba su wuni." Arzika ya tuna dariyar da aka yi masa, ya ce yau ba zai sake kuskure ba. Na dawo daga masallaci na tarar da alkyabbar mahaifinmu a shimfiɗe tsakar gida, awaki huɗu a kai, ɗaya tana taunar gefenta. Na ɗora hannu a ka. "Ai kai kac ce," in ji shi. Tumba ta shige ɗaki tana toshe baki. Na naɗe abata da ɗoyinta, na cusa ta bayan ɗaki, na jibga mata buhunan shinkafa don kada ya sake ganinta.

Wata rana saƙo ya zo cewa Hakimi zai iso da la'asar ya saurari ƙarar dattawa a kaina. Na ce ko ba komai in fito da kwarjini, sai na kira Arzika. "Maza ka kwashe duk abin da ke kan alkyabba, ka wanke ta tas." Ni na tafi wajen wanzami. Shi kuwa ya nufi kogi yana ihu, "Sarkin Ruwa ya ce a kwashe komai!" Wadda ta ƙi tashi, ya ɗauke kwandonta ta biyo shi da zagi. Yara ya riƙa saɓa su bibbiyu. Wata tsohuwa makauniya, da tabarmarta ya ɗauko ta.

Hakimi ya iso ya tarar da ƙofar gidana cike da taru da kifi da mata masu tsine mini, ni kuma tsaye da tsohuwar riga, kai a aske. Baba Maikoma ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ka gani da idonka. Wannan shi na Sarkin Ruwanmu." Na sunkuyar da kai, na sallama.

Baba Maikoma bai rufe baki ba muka ji wata ƙara kamar aradu. Muka ruga bakin kogi. Wuyan nan ya ɓalle daga inda ya tsage, ruwan da ya kwana uku yana tasowa ya ratsa, Alkyabba tana zubewa gaɓa-gaɓa. Mata suka shiga ƙirga 'ya'yansu, babu wanda ya ɓata. Waɗanda suka zage ni ɗazu suka zube suna kuka suna sa mini albarka.

Hakimi ya dube ni ya ce, "Sarkin Ruwa, yaya aka yi ka sani?" Ina neman abin faɗa, sai ga Arzika jiƙe sharkaf, da bokiti da sabulu.

"Yaya, na kwashe kamar yadda kac ce. Wankin na ban samu yi ba. Ruwa ya riga ni, kuma bai maido ta ba."

Hakimi ya yi dariya, ya ce ƙara ta mutu. Kunya ta kama ni har na kasa duban ƙanena, don shi ya sa hannu cikin tsagar nan, ni kuwa dariya na yi. Tun ranar ban sake ce masa wawa ba. Yanzu alkyabba ɗaya ta rage a garin, Arzika ya daina ruɗewa. Mutane na cewa na gaji mahaifinmu wajen sanin ruwa, ni kuma ina amsa gaisuwa a cikin alkyabbar, har yau da ɗan warin akuya.