Da Wa Za A Ɗaura Auren?

Akwai wani tela a layinmu a Funtuwa, kaf garin da Tukur aka san shi. Ashe sunansa na yanka Ishaƙa ne, sunan kakansa aka mayar masa. Da yake mahaifiyarsa ba ta iya kama sunan surukinta, sai ta riƙa kiransa da Tukur, har ya bi shi. Shi kansa in ka ce Ishaƙa a bayansa ba zai waiwayo ba.

Ranar ɗaurin aurensa masallaci ya cika, an ajiye goro da alewa a gaban liman. Baffansa, wani dattijo da ba ya wasa da ƙa'ida, ya gyara murya ya ce yana nema wa ɗansa Ishaƙa auren Ramlatu. Sai mahaifin amarya, Alhaji Mamuda, ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Shi fa bai san wani Ishaƙa ba, Tukur tela ya yi wa alkawarin 'yarsa, kuma ba zai canza magana a bainar jama'a ba. Baffa ya rantse mutum ɗaya ne, Alhaji ya ce sai ya gani da idonsa. Masallaci ya ɗauki ƙus-ƙus, har wasu suka fara cewa an yi musayar ango.

Aka aika aka kirawo ango daga cikin abokansa a waje. Ya shigo yana gumi cikin babbar riga, ya durƙusa.

Liman ya dube shi ya ce, "Malam, kai ne Ishaƙa ko kai ne Tukur? Ka san dai mace ɗaya ba ta auren maza biyu."

Da ango ya ga mutane sun fara dariya, sai hankalinsa ya kwanta, bakinsa ya buɗe. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai abin da sauƙi. A ba Tukur matar. In an tashi maganar cefane da hidimar surukai, sai a nemi Ishaƙa."

Alhaji Mamuda ya kalle shi daga hula har takalmi, sannan ya juya wajen liman.

"Malam, ɗaura da Ishaƙan. Mutumin da ya girma a garin nan ba a taɓa jin bakinsa ba, shi nake so ya zama surukina."