Gishirin Matata da Riɗin Mailafiya

Jama'a, a kishingiɗe nake rubuta muku wannan, don bayana ya ƙi miƙewa. Buhunan riɗi na taya maƙwabcina Mailafiya saukewa yau da safe a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, sannan na taya shi mayar da su kan amalanke yadda muka kawo su. Dako biyu, ko shayi ban samu ba. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Mailafiya dattijo ne mai gona wajen Ƙala'at an-Nahal, da wata tsohuwar lori da ta girmi 'ya'yansa duka. Bana riɗinsa ya yi kyan da har tafiyarsa ta canza. To, wanda ya san riɗi ya san ba ya jiran kowa. In ya nuna, 'yan kwanaki gare ka ka yanke. Ka yi nawa, kwanson ya buɗe baki ya zubar maka da wahalar shekara a ƙasa. Masu yanka kuwa ya riga ya samo su, mutum ashirin daga Showak, suna zaune a ƙofar gidansa da laujensu suna ta cin tuwon matarsa Ummusalama. Abu ɗaya ya rage: jaz, wato man dizal, da zai kai su gona.

Kwana uku muka yi a layin gidan mai. Na ce "muka" don ni ke tsare masa wuri in ya tafi salla. A rana ta biyu muka ji Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle a rediyo, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, yana cewa babu ƙarancin mai ko kaɗan, ɗan tari ne ya kama matatar mai, kuma an kafa kwamiti. Hankalinmu ya kwanta ƙwarai. Layin ma don murna ya ƙara tsawo.

A bayanmu akwai Elfatih mai raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki a matatar kafin ya ajiye. Shi ya fassara mana tarin. Ya ce ɗanyen mai ba ya fitowa daga rijiya da wankansa; tafe yake da ruwan gishiri, da yashi, da laka, da farar wuta. Shi ya sa kafin a ɗora shi a wuta ake bi da shi ta wata ƙatuwar tukunya a wanke shi da ruwan daɗi, gishirin ya bi ruwa ya kwanta a zubar. In ba a wanke ba, zafi na taɓa gishirin sai ya rikiɗe ya zama kamar ruwan batir, ya riƙa cin bututu ta ciki ba wanda ya gani. Laka kuma ta daskare a hanya, ana ta ƙara wuta mai na raguwa, har wata rana ƙarfe ya huje.

Ni dai ban je ba, ban gani ba. Amma Elfatih ya ce tsofaffin abokan aikinsa sun gaya masa tukunyar wankin ce ta nemi gyaran kwana uku, sai aka yi rashin sa'a makon ya faɗo kan bikin murnar cewa matata ba ta taɓa tsayawa ba. An kafa rumfuna, an sayi raguna, an ɗinka sababbin jallabiyoyi. Ina za a tsayar da inji ranar da Ranka Ya Daɗe zai yi jawabi? Sai umarni ya sauko daga sama a wuce da man haka nan, ai gishiri ko a miya ana sa shi. Hikima ke nan irin ta manya, wadda talaka ba ya ganewa sai ta iso gidansa. Gyaran kwana uku ya koma na wata uku. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan tsuntsun yana da rumfa, mu ne a fili.

Rana ta huɗu haƙurin Mailafiya ya ƙare. Ya samo jaz a bakin hanya wurin masu ganga, ya warware rawaninsa ya ɗaura a bakin tanki ya tace, kamar yadda mahaifinsa ke tace ruwan rijiya. Elfatih ya riƙe masa hannu.

"Ya Hajj, rawani yashi yake tarewa. Ruwan da suka haɗa a ciki wucewa zai yi."

"Ya zol, bawan Allah, riɗina na zuba," in ji Mailafiya. "Ka bar ni."

Lorin ta yi rabin hanya, ta yi tarinta ita ma, ta mutu. Masu yanka suka yi masa jaje cikin ladabi, suka hau taraktan wani manomi suka bi abincinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Kafin makanike ya wanke famfon man lorin a samo mai na kirki, riɗi ya gama zuba. Da tsintsiya suka girbe gonar. Ummusalama da 'yarta Zuwaira suka yi mako suna shiƙa da tankaɗe, amma baƙar ƙasar nan tamu in ta farfashe daidai take da ƙwayar riɗi, rariya ba ta raba su. Na ga dattijon zaune yana tsince ƙasa da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi ban taɓa jin tausayin mutum haka ba.

Shi ne yau muka kai kasuwa. Malamin duba kaya, yaron manya mai tsabtar hannu, ya soka ƙarfensa a buhu, ya zuba a tafinsa, ya hura, ya girgiza kai.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Baba, da ƙasa a ciki. In aka zuba wannan a injin matse mai, cinye shi zai yi. Doka ce daga sama: ba a kai wa inji kaya sai an tsabtace."

Mailafiya ya dube shi, kansa ba rawani, don har yau warin jaz bai fita daga rawanin ba.

"Ashe can sama an sani, ɗana," ya ce. Ya sunkuya ya kama kunnen buhu, ni ma na kama nawa.

Da na dawo gida na ji a rediyo kwamiti ya gama bincike, ya kuma gano mai laifi: gishiri ne. Tun ɗazu Ummusalama ta ɓoye nata a ƙarƙashin gado, ta ce ba ta san ta inda za a fara kame ba.