Faifan Auren Hajara a Madubin Moto

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da fuskata ta maƙale a cikin tele a gaban dangi kaf. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ne, damina kuma ta ƙi, hatsi ya yi tsada har mutane suka rage bukukuwa. Ni kuwa a lokacin kaina ya kumbura, don na samu kamara da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, mai zuba hoto a faifan sede.

Ko'ina na zauna sai na buɗe lakca. Ina ce wa mutane kaset ya mutu, sede ne zamani. "A cikin faifan nan akwai wani rini siriri, haske ne ke rubutu a kansa," haka nake faɗi ina juya shi a hannu (ni ma a bakin wanda ya sayar mini na ji, amma sai ka rantse ni na ƙera shi).

Sai auren Hajara ya zo, ɗiyar kawuna. Kakarmu tana Tabelot, rijiyar garkarsu, wato lambunsu, ta ja baya, ba ta iya barin 'yar albasar da ta rage ta taho ba. Ita ta goyi Hajara, don haka abin ya dame ta ƙwarai. Na aika mata cewa kada ta damu, duk ranar da ta zo za ta ga bikin kamar tana wurin.

Na ɗauki bikin, na zuba a faifai, na goge kaset ɗin kamarar na ɗauki wani bikin suna da shi, na share na cikin ordinatar don cikinta ba shi da yawa. To, samarin Agadez na lokacin suna rataya sede a madubin moto, wato babur, don ƙyalƙyali, amma su matattun faifai suke sawa. Ni da nake son a san sana'ata, sai na rataya na gaske a madubin nawa, da sunan amarya a rubuce. Haka na yi ta yawo da shi cikin ranar garin nan, daga kasuwa zuwa tasha, yana walƙiya ina jin daɗi.

Da Kaka ta iso a kamyon albasa, aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, aka sa ta gaba, maƙwabta suka cika ɗaki. Na kunce faifan, na goge shi da bakin rawanina, na saka.

Hoto ya fito. Ni ne, na kusanto da fuskata ina duba ko kamara ta kama, hancina ya cika tele, ina gyara gashin baki. Daga nan bai ƙara motsi ba. Na cire, na hura, na mayar: hancin nan dai. Da na juya faifan sai na ga launinsa ya koɗe. Nan take lakcata ta dawo mini. Rini mai jin haske, ni kuma na shanya shi a rana. Wallahi na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Kaka ta matso, ta ƙura ido, ta ce, "Wannan ce amaryar? Lalle aure ya canza ta."

Ɗaki ya fashe da dariya, har kawu yana share hawaye. Ni dai zufa nake. Amma daga baya na ji Kaka ta ce a hankali, "Ashe ba zan gani ba ke nan."

Hajara ce ta tashi ta fita. Can sai ga ta ta dawo cikin kayan amarcinta, da azurfarta duka, ƙawaye biyu na riƙe da ita. Mata suka ɗauki guɗa, wata ta kife ƙwarya ta fara kiɗa. Kaka ta rungume ta tana kuka tana dariya, sannan ta miƙe ta taka rawa da ƙafafunta masu ciwo.

Na lallaɓa zan ɗauko kamara, kawu ya riƙe hannuna. "Ɗana, zauna ka dafa shayi. Wannan karon da ido za mu adana."

Tun daga ranar, idan na yi wa mutane bayanin abin da na sani, nakan tsaya in saurara ni ma.