Ranar Da Na Auna Teku Da Gishirin Miya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo duba koyarwata a wata sakandare a Tudun Wadan Jos ba. Makin ranar ne zai sa a ba ni takardar malanta ko in maimaita shekara. Darasin kuwa tashin ruwan teku ne (ni da ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne kududdufin tsohon ramin kuza).

Na zo da kwalabe uku na ruwan gishiri, kowace da siririn bututu a murfinta. Na bugi ƙirji na ce wa ɗalibai ruwa in ya ji zafi kumbura yake, don haka in na tsoma su a ruwan zafi, duk ukun za su hau daidai wa daida. Har "tabbas" na ce, sau biyu.

Ta farko ta hau. Ta biyu ta ɗan motsa. Kafin in kai ga ta uku sanyin Jos ya riga ya sa ruwan ya huce, ta tsaya ƙyam.

Madam Nkechi, mai dubawar, ta sauke tabarau ta tambayi zafin ruwan. Ban auna ba. Ta ce, "To Malam, gishiri nawa ka sa?"

Sai kawai na ɗaga yatsu uku a haɗe, yadda Innata take tsunkulo na miya. Aji ya kwashe da dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har alli ya jiƙe a hannuna.

Can na tuna abin da na karanta na tsallake. Na ce su duba, kwalabe uku a gabana sun ba ni amsa uku, saboda ban san zafinsu da gishirinsu daidai ba. To ina ga teku, wanda akwai zurfin da na'ura ba ta cika kaiwa ba? Shi ya sa masana ba sa ba da lamba ɗaya, sai su ce tsakanin kaza da kaza. Hawan dai yana nan, yawansa ne ake ta gyarawa.

Madam ta daɗe tana rubutu. Da za ta fita ta ce, "Ka wuce. Amma ka sayi sikeli."

Na fito ina tafiya kamar ni na haƙa tekun. Sikeli na saya a kasuwar Laranto a ranar, "tabbas" kuma na daina faɗa ko a kan miyata.