Mai-Tari Ya Rasu da Ƙishirwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar abin da ke biye da wannan rashi, Malam Isufu Lawali na Zangon Dauda, arewa da Gidan Amumune, yana sanar da 'yan'uwa, da abokan tasha, da duk mai ɗa a garin nan, rasuwar injin motarsa wanda kowa ya sani da Mai-Tari. Ya rasu ranar Alhamis da ta wuce, bayan azahar, a kan tudun yashin da ake hango gawon bakin gari daga kansa. Duk wanda wannan sanarwa ta iske, ya rage abin da yake auna wa gidansa tun yau. Marigayin ne ke kawo hatsin taimako, kuma bai bar magaji ba.

An haife shi a ƙasar Turai, a shekarar da aka buga a jikinsa, 1971. Ɗan gazuwal ne, wato dizal, gaba da baya, bai taɓa ɗanɗana esansi, wato fetur, ba. Fistan huɗu gare shi a jere, cikinsa bai cika lita biyu ba, takardarsa kuma ta ce yana da ƙarfin dawaki hamsin da 'yan kai. Isufu bai taɓa ganin dawaki hamsin wuri guda ba, amma ya sha ganin Mai-Tari ya fitar da buhu goma sha biyu daga yashin da raƙumi ma sai ya tsaya ya yi shawara.

Ya fara aiki cikin ƙaramar motar wani malamin asibiti a Tasawa. Da motar ta faɗa rami ta karye, injin ya fito ko ƙwarzane babu. Sale makanike, mai gareji a bayan tashar Tasawa, shi ya ɗauko shi ya dasa shi cikin tsohuwar motar Isufu mai buɗaɗɗen baya. Da farko ba su dace da juna ba. Sai da aka sake ƙafafun da zai zauna a kai, aka wanke tanki sau uku don kada ya ji ƙanshin esansi, aka sa masa babban batir. Daga nan suka zauna lafiya shekara shida.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da yawan ci. Lita takwas kan kai shi kilomita ɗari a kan kwalta. Cikin yashi yakan ninka, ba kuma wanda ya ga laifinsa. Abu ɗaya ne ba ya so, a tashe shi da gaggawa. Da safe sai a murɗa makulli rabi, a jira bujin ɗumama su yi zafi gwargwadon karanta Fatiha a natse, sannan a taɓa shi. Sai ya ce kuf, kuf, kuhuhuhu, ya yi tarin da ya ba shi suna, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya zauna a kan kar-kar-kar-kar ɗinsa. Matan gari sun fi Isufu sanin wannan murya. Tun tana bayan tudu suke fito da ƙwarya.

Bara damina ta ƙi. Rumbuna suka ƙare kafin sanyi ya shigo, mutane suka koma jiƙa anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci. Manyan motocin taimako a Mayahi suke sauke kaya, domin hanyar Zangon Dauda ba ta ɗaukarsu. Sai masu kaki suka kira Isufu, suka ba shi takarda mai hatimi: kowace Alhamis ta biyu ya kai motarsa bakin mangaza, ɗakin ajiyar hatsin, da safe, ya ɗauki rabon garinsu. Wata bakwai Mai-Tari bai saɓa ko sau ɗaya ba.

Ba a ce bai taɓa ciwo ba. Yakan shaƙi iska a hanyar gazuwal ya ƙi tashi, sai an sassauta ƙusa an buga famfo har kumfa ta daina fita. Matacinsa yakan toshe in an ba shi gazuwal ɗin kwalba mai ruwa a ƙasa. Waɗannan duk Isufu ya iya jinyarsu da sifana guda. Ciwon gadon gidansu shi ne zafi. Jikinsa na baƙin ƙarfe ne, amma kansa, abin da makanikai ke ce wa kulas, na sanholo ne, kuma in suka yi zafi ba tare suke miƙewa ba. Ga tukunyar ruwansa ta fara yoyo tun watan jiya, ana toshe ta da sabulu. Shi ya sa kullum akwai bido, jarkar ruwa mai lita ashirin, ɗaure a bayan kujera. Sale ya sha faɗa masa: "Malam Isufu, ka ga allurar zafin nan? In ta taɓa ja, ko matarka ce ke naƙuda a baya, ka tsaya."

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Ranar Alhamis sun taso daga Mayahi da cikakken kaya, rana a tsaka. Bayan sun bar hanyar laterit mai jar tsakuwa suka shiga yashi, sai suka iske wasu mutanen arewa zaune gindin wata aduwa da ba ta da ganye. Wani tsoho ne mai suna Manzo, da mata biyu, da 'ya'ya biyar, sun baro gawar saniyarsu ta ƙarshe kwana uku baya. Tsohon bai roƙi hatsi ba, ko kallon buhunan bai yi ba. Salkarsa kawai ya ɗaga, ya kife ta. Ɗaya daga cikin matan tana riƙe da jaririn da ke buɗe baki ba sauti. Isufu ya kwance bidon. A ransa ya ce akwai rijiya nan gaba kaɗan, zai cika. Suka sha, suka ɗura salka, ya ɗaure bidon wofi ya wuce.

Rijiyar da ya dogara da ita ya iske ta laka. Mata sun fi talatin a bakinta suna jiran ta tsatso.

Saura kilomita shida allura ta fara hawa. Saura huɗu ta taɓa ja. Isufu ya gani, ba zai ce bai gani ba. Ya tuna maganar Sale, ya kuma tuna cewa tun Talata ba a ɗora tukunya a yawancin gidajen gari ba. Ya ce bari dai su hau tudun nan. Mai-Tari ya hau. A can sama muryarsa ta sake, kar-kar ɗin ta koma taf, taf, taf, farin tururi ya turnuƙe gaban mota, ya yi wani dogon fsssss, ya yi shiru. Mutanen gari suka fito suka kwashe buhunan a ka. Kayan ƙarshe da ya ɗauko sun isa, ko tiya ba ta ɓata ba.

Wasu a gari sun ce ai ruwan mota amana ne, ba na kyauta ba. Isufu bai musa ba, kuma ba ya so a ɗora wa tsoho Manzo komai. Maiɗakin Isufu, Zara'u, da ta ji labari ta ce, "Malam, da ka wuce su da ruwan nan, da kai da motar duk a waje za ku kwana." Ta faɗi haka, ta juya ta dubi ragowar hatsin.

Jiya Asabar Sale ya iso a kan babur, ya buɗe mamacin. Ya iske mai ya gauraya da ruwa ya koma kamar kunu, shimfiɗar da ke tsakanin kai da jiki ta ƙone, kulas kuma ya tsage tsakanin fistan na biyu da na uku. Ya goge hannu ya ce, "Malam Isufu, ba kashe shi ka yi ba, dafa shi ka yi. Gishiri kawai ka manta." Ba wanda ya yi dariya sai shi, shi ma bai kai ƙarshenta ba.

Marigayin ya bar famfon gazuwal guda, lafiyayye, da 'ya'yansa masu fesawa su huɗu, na ukun yana ɗan ɗigo. Ya bar batir, da sitata, da tukunyar ruwa wadda har yanzu ba ta daina kuka ba. Ya bar gidaje sittin da ɗaya. Ya bar 'ya'yan Isufu huɗu: ta fari, wadda uba ba ya rubuta sunanta, da Hashimu, da A'i, da ƙaramarsu Hawwa, wadda gashinta ya fara yin ja tun watan jiya, cikinta kuma yana girma alhali ba ta ci.

An bincika dangi ko akwai mai ba da aron kai. Na 'yan esansi ba ya shiga: ƙusa goma gare shi, na marigayi ashirin da biyu. Na babban wansa, injin manyan motocin haya, ƙusoshinsa sun yi daidai amma bakin fistan ya fi faɗi, in an ɗora ruwa zai bi ta gefe. Da can sai a aika Katsina, kwana biyu ya iso. Yanzu iyaka a rufe take. Labari ɗaya aka samu: wai a Maijirgi akwai injin niƙa da aka yi da irin marigayin, yana zaune tun kaka saboda ba abin niƙawa.

Saura kwana goma sha ɗaya Alhamis ta mangaza ta zo. Rabon da aka kawo ba ya kai mako biyu ko an haɗa da anza. Yawancin jakunan gari sun mutu, waɗanda suka rage ba su iya jan amalanke wofi. Kafin ranar kuma dole Isufu ya je ya tsaya gaban mai kaki, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi da ruwan motar da aka ba wa takarda. Aji huɗu ya yi a lakwal, makarantar boko. Tun shekaranjiya yake haɗa maganar da Faransanci, in ya kai wurin jaririn sai ta watse.

Za a yi wa marigayin wanka da gazuwal gobe Litinin da hantsi, a ƙofar gidan Isufu. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, malamai su kwantar da hankalinsu. Za a naɗe shi da buhunan wofi, a toshe kowace kafa tasa da tsumma don yashi, majiya ƙarfi shida su ɗora shi kan itace a zaure. Ba za a haƙa rami ba tukuna. Ba za a yi sadakar uku ko ta bakwai ba, kowa ya san dalili. Mai zuwa gaisuwa ya zo da butarsa, gidan ba shi da ruwan baƙi.

Sale ya riga ya auna kan mamacin da kara, yadda ake auna gawa, ya yi tsaga a wurin kowace ƙusa. Da an watse Isufu zai hau bayan babur ɗinsa da karan a hannu, su nufi Maijirgi. Ba a san ko kan injin niƙan zai yi daidai da karan ba. Ba a san ko mai shi zai yarda a cire ba. Jikin marigayin kansa, Sale ya ce ba zai san ko ya tsage daga ciki ba sai an ɗora kai an zuba ruwa. Kuma har yanzu ba wanda ya iya gaya wa Isufu ko ana ajiye rabon garin da motarsa ba ta zo ba.