Rumbun Sarkin Girgiza

Allah Ya yi wa ƙasar Yawuri baiwa biyu a shekarar da ruwan Kainji ya cinye tsibirai: tafki, da Malam Mainasara, mai duba gine-ginen sababbin ƙauyuka. Tafkin ma bai kai shi cika ba.

Kwas ɗin mako uku ya yi a ƙasar waje, aka nuna masa majigin girgizar ƙasa. Tun daga nan ya daina yarda da ƙasa. In zai taka ta sai ya fara zungurar ta da sanda. Mutane suka sa masa Sarkin Girgiza, shi kuwa ya ƙara wa hularsa tsawo.

Wata rana yana zagaye ya tarar da Mariyamu, wata tsohuwa cikin Gungawan da aka taso daga tsibiri, tana ɗora rumbu bisa duwatsu yadda ta gada. Abin da ta tsira da shi bai wuce irin dawar gidansu ba, shi take jiran damina ta shuka.

"Inna, wanga gini ya saɓa doka," in ji shi. "Ran da ƙasa ta motsa, duwatsun ga gudu za su yi."

Ta ce tun kakanninta ba a taɓa jin ƙasar nan ta motsa ba. Ya ce ai shi ya sa, ta daɗe tana tara ƙarfi.

Ya sa aka rushe, aka zuba na siminti manne da ƙasa, da ƙofar ƙarfe. Ya tara ƙarti goma suka tura rumbun har suka yi gumi, bai ko gusa ba. Ya zuba irin ciki, ya kulle, ya tafi Sakkwato da makullin don ya ba manya labari.

Ruwan fari ya sauka kwana biyu a jere. Ba duwatsun da za su ɗaga rumbu, sai ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa ya zauna. Maƙwabta suka yi shuka, Mariyamu tana zagaya kwaɗon ƙofar. Gaskiya abin tausayi ne.

Bayan kwana tara ya iso da baƙi. Aka buɗe, wari ya tarbe su. Rabin dawar ya ruɓe, rabi ya yi tsiro fari fat.

"Kun gani?" in ji shi. "Ko tsaga babu!"

"Ranka shi daɗe, to ni mi zan shuka?"

Ya gyara hula, ya ce shuka ba ofishinsa ba ce. Shi ƙasa aka damƙa masa, kuma kowa shaida ne, tun da ya kama aiki ba ta motsa ba.